Jan Biro Ya Koma Kwamfuta: Yadda Kowane Gurbi a Jadawali Yake Samun Launinsa

Duk wanda ya yi makaranta kafin kwamfuta ta yawaita ya san darajar jan biro. Malami zai yi ta cike takardar sakamako da shuɗin biro, da ya iso kan darasin da yaro ya faɗi sai ya ajiye shuɗi ya ɗauki ja. Uba ko bai taɓa shiga aji ba, in an miƙa masa takardar, jan nan idonsa zai fara nema. In babu ya sa albarka, in ya yi yawa ranar akwai magana a gida. Ba kuma boko ne ya zo mana da wannan dabara ba. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu a ƙasar Kano sun daɗe suna rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ruwan ɗorawa, kowane launi da aikin da aka ɗora masa, ba don ado ba.

Yau wannan aiki ya koma kwamfuta. A ɗauki misalin Ƙaramar Hukumar Gezawa, ɗaya daga cikin 44 na Jihar Kano: tana da mazaɓu 11, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum 282,069 a cikinta. Ƙasa ce da gona ke jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, daga Jogana zuwa Tumbau, daga Babawa zuwa Tsamiya Babba. Inda jama'a suka yi yawa haka, takarda ma takan yi yawa: sakamakon ɗalibai, sunayen manoman da za a ba taki, rajistar yaran da aka yi wa rigakafi, littafin bashin mai shago. Da yawa daga cikinsu yanzu a jadawalin kwamfuta ake shirya su, ko a ofis ko a shagon mai buga takardu. Jadawalin kuwa layuka ne na kwance da na tsaye, inda suka gitta juna sai a sami ɗan gurbi mai ɗauke da suna ko lamba. Tambayar da ya kamata mai hulɗa da irin wannan takarda ya san amsarta ita ce: wa ya ce wannan gurbin ya yi ja, wancan ya yi kore, kuma yaya za a yi a yarda da abin da ido ya gani?

Abin da ke ajiye daban, abin da ake nunawa daban

Kowane gurbi yana da abubuwa biyu. Akwai ainihin abin da aka zuba masa, akwai kuma kamannin da yake fitowa da su a fuskar kwamfuta. Da biro da takarda waɗannan biyun abu ɗaya ne, abin da ka rubuta shi ka gani. A kwamfuta an raba su da gangan, kuma daga wannan rabuwa duk amfani da duk rikici suke tasowa.

A ce makaranta ta yanke cewa wanda bai kai maki 40 ba ya faɗi. Yarinya ta haɗa makin gwaji da na jarrabawa ta tashi da 39.6. Mai shirya takardar ya umarci jadawalin kada ya nuna ɗigo da abin da ke bayansa, don haka gurbin sai ya nuna 40. Amma a ciki 39.6 ɗin na nan yadda take, kwamfuta kuma da ita take hukunci, sai ta shafa wa gurbin ja. Uba ya ga 40 da ja, ɗan maƙwabcinsa ma 40 amma babu ja, sai ya ɗauka an yi son kai. Babu wanda ya yi son kai. Gyaran shi ne makaranta ta tsayar da magana ɗaya: ko a cike makin da gaske ta hanyar lissafin da manhajar jadawali ta Excel ke kira ROUND, ko a bar ɗigon ya fito kowa ya gani.

Kwanan wata ma haka yake. Excel ba ya ajiye rana da wata da shekara, lamba ɗaya yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900. Ranar samun 'yancin kan Nijeriya, 1 ga Oktoba 1960, a wurinsa 22190 ce. Shi ya sa wani lokaci za a ga ranar haihuwar yaro ta rikiɗe ta zama wata lamba mara ma'ana: ba ta ɓace ba, kamanninta aka sauya. Haka kuma 04/05 na nufin 4 ga Mayu a wurinmu, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka 5 ga Afrilu za ta fahimta. Ga ma'aikaciyar lafiya da ke lissafin ranar da za a dawo da jariri allura, wannan bambanci na wata guda ba ƙaramin abu ba ne. In kuma aka ga gurbi ya cika da alamar #####, kada a tsorata, wurin ne ya yi wa lambar ƙunci, a faɗaɗa layin za ta bayyana.

Launin hannu da launin ƙa'ida

Hanyoyi biyu ne ake ba gurbi launi. Ta farko, mutum ya zaɓi gurbin ya shafa masa da kansa. Ta fi sauƙi, kuma ita yawancin masu koyo suke fara kamawa. Aibinta shi ne launin ba ya sanin abin da ke ƙarƙashinsa. In malami ya dawo ya ce ya yi kuskure, makin yaro 58 ne ba 38 ba, za a gyara lambar amma jan na nan sai an tuna an goge shi. A aji mai ɗalibai 60 da darussa 12, gurabe 720 ke nan, ba wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake wani ba.

Hanya ta biyu ita ce a kafa ƙa'ida, a bar kwamfuta ta riƙa zartar da ita. A gaya mata sau ɗaya: duk gurbin da ke wannan yanki, in lambarsa ta gaza 40, ki mai da shi ja. Daga nan duk lokacin da lamba ta sauya, launi zai bi ta da kansa. A Excel ana samun wannan ƙarƙashin sunan Conditional Formatting. Jadawalin kwamfuta ya girme shi nesa ba kusa ba: Dan Bricklin da Bob Frankston sun fito da VisiCalc a 1979, Lotus 1-2-3 ta biyo a 1983, Excel kuma a 1985. Sai a Excel 97 aka kawo launi mai bin ƙa'ida, kuma a lokacin sharuɗɗa 3 kawai gurbi zai iya ɗauka. Excel 2007 ya cire wannan iyaka, ya ƙara da zanen sanda a cikin gurbi, da launi mai ƙaruwa gwargwadon girman lamba, da ƙananan alamomi. LibreOffice Calc, wadda kyauta ake samunta, ita ma tana yin wannan aiki.

Ƙa'idar da ta fi inganci ita ce wadda jama'a suka riga suka sani. Ma'aunin WAEC a bayyane yake: A1 daga 75 zuwa sama, C6 daga 50 zuwa 54, F9 daga 39 zuwa ƙasa. Makarantar sakandare da ta ɗora launukanta kan wannan ma'auni ba ta da dogon bayani da za ta yi wa iyaye. A ɓangaren lafiya kuma akwai tef ɗin da ake auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 don gano tamowa: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Idan jadawalin asibiti ya ɗauki waɗannan launuka yadda suke, ma'aikaciyar da ta saba da tef ɗin za ta karanta shi da kallo ɗaya. Idan kuwa wani ya ga shuɗi ya fi masa kyau ya sauya, ya jawo ruɗani a inda rai ke cikin haɗari.

Ƙa'ida ma tana da nata tarkon, kuma guda uku ne suka fi kama mutane. Na farko, gurbin da babu komai a cikinsa Excel sifili yake ɗaukarsa, don haka ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba saboda rashin lafiya zai fito da ja tamkar wanda ya faɗi. Sai an sa wata ƙa'ida a sama da ta ce a ƙyale gurbin da ba a cike ba. Na biyu, lambar da aka shigar a matsayin rubutu ba ta bin hukuncin lambobi. Za a ga 35 zaune babu ja, kuma lissafin jimla zai tsallake ta. Alamarta ita ce takan jingina ta hagu alhali sauran lambobi suna dama, sau da yawa da ɗan koren kusurwa a saman gurbin. Na uku, in ƙa'idoji biyu suka ci karo a gurbi ɗaya, ta sama ce ke yin rinjaye, don haka yadda aka jera su yana da tasiri.

Yadda masu rubuta manhaja suke yi

Ba kowane jadawali ne Excel ba. Manhajar da kantin magani ke lissafin kaya da ita, ko wadda makaranta ta saya don fitar da sakamako, tana da nata jadawalin a ciki, kuma wanda ya rubuta ta ne ya tsara yadda kowane gurbi zai fito. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu sukan ci karo da wannan aiki tun a ayyukansu na farko, don haka yana da kyau a fahimci yadda abin yake tafiya.

Tushen dabarar ya koma 1979, lokacin da wani masani ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, yana aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC a Amurka, ya tsara cewa a raba ma'ajiyar bayanai da abin da ke nuna su. A harshen Java, jadawalin da ake kira JTable, wanda ya shiga cikin Java 1.2 a 1998, kan wannan tsari aka gina shi. Bayanan suna wuri guda, sannan akwai wani ɓangare da aikinsa kawai zana gurbi. Abin lura shi ne ba kowane gurbi ke da mai zanensa ba. Mai zane ɗaya ne yake bin su duka, kamar hatimin ofishin hakimi: a dangwala shi a tawada, a buga a wannan takarda, a ɗaga a buga a ta gaba. Duk lokacin da jadawali zai zana gurbi, sai ya miƙa wa mai zanen abubuwa 6: jadawalin kansa, abin da ke cikin gurbin, ko an zaɓe shi, ko a kansa ake aiki yanzu, lambar layinsa na kwance da ta layinsa na tsaye. Da waɗannan zai yanke launi da salon rubutu da ɓangaren da rubutun zai jingina. Gurabe waɗanda ido ke gani kawai ake zanawa, shi ya sa jadawali mai layi dubu ɗari ba ya gagarar ƙaramar kwamfuta.

Daga nan ne shahararren kuskuren masu koyo yake fitowa. Mutum zai rubuta cewa in maki ya gaza 40 a sa ja, ya tsaya a nan. Hatimi ya sha jan tawada, ba a ce a wanke shi ba, sai duk gurbin da ya biyo baya ya fito ja, har da na wanda ya ci 90. Maganin shi ne kowace ƙa'ida ta zo da kishiyarta: in ya gaza 40 ja, in ba haka ba a koma launin asali. Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Mai manhaja ya ce layi na 5 ya zama ja domin mai wannan layi bai biya kuɗin makaranta ba. Sai akawu ya sake jera sunayen bisa haruffa, wani yaro daban ya faɗo layi na 5, jan ya sauka a kansa, a kore shi gida alhali ubansa ya biya. Lambar layin da ido ke gani daban take da ta ma'ajiya, kuma Java ta tanadi hanyar mayar da ɗaya zuwa ɗayar tun da aka kawo jera layuka a Java 6 cikin 2006. Wanda bai yi amfani da ita ba zai ɗora laifin wani kan wani. Na uku shi ne a manta da gurbin da aka zaɓa, launin ƙa'ida ya danne launin zaɓi, mai aiki ya kasa gane inda yake.

Sauran kayan aikin ma haka suke, suna ne kawai ya bambanta. A DataGridView na Microsoft, wanda ya zo a 2005, jadawali kan sanar da mai manhaja dab da zai nuna kowane gurbi don ya faɗi kamannin da yake so. A Qt kuma jadawalin kan tambayi ma'ajiya daban-daban: mene ne rubutun wannan gurbi, mene ne launin bayansa, mene ne launin rubutunsa. Duk dai magana ɗaya ce, kamanni ana yanke su ne a lokacin nunawa, daga abin da ke ajiye.

Inda kamanni ke cinye gaskiya

Akwai lokutan da saitin gurbi ba ya tsayawa ga kamanni, yakan taɓa bayanin kansa. Lambar wayar Nijeriya lambobi 11 ce mai farawa da sifili. In aka buga ta a gurbin da aka bari yadda yake, Excel zai yar da sifilin, don a lissafi sifilin farko ba shi da daraja. Lambar asusun banki mai lambobi 10 ma in ta fara da sifili haka za ta same ta. Ƙungiyar manoma da ta tura jerin sunayen 'ya'yanta da irin wannan giɓi, sai ta ji kuɗin wasu bai shiga ba. Lamba mai guda 12 ko fiye kuwa takan koma wani abu kamar 1.23E+11, kuma Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15, don haka lamba mai guda 16 ta ƙarshenta sifili za ta koma har abada. Tun ran gini ran zane: a mai da layin ya zama na rubutu kafin a fara bugawa, domin waya da asusu da NIN suna ne da aka rubuta da lambobi, ba abin tarawa ko ɗebewa ba ne.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. Masana kimiyya sun daɗe suna fama da Excel yana mai da sunan ƙwayar gado MARCH1 ya zama 1 ga Maris, har ta kai zuwa 2020 kwamitin da ke raɗa wa waɗannan ƙwayoyi suna ya sauya sunayen guda 27. A Satumba 2008 kuma, da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, bankin Barclays na Ingila ya sayi wani ɓangare nasa. A jadawalin kwangilolin da zai karɓa an ɓoye layukan da ba ya so maimakon a goge su. Da aka sake tsara takardar aka mai da ita PDF sai ɓoyayyun suka bayyana, kwangiloli 179 suka shiga cikin ciniki, sai da aka koma kotu neman a cire su. Abin da aka ɓoye wa ido yana nan a cikin fayil.

Launi shi kaɗai bai isa shaida ba

Mafi yawan takardunmu da baƙar tawada ake buga su saboda ta fi araha. A irin wannan bugu ja da kore duk toka-toka suke komawa, ba mai iya bambanta su. Akwai kuma mutanen da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launuka biyu tun haihuwa. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 haka yake, mata kuwa 1 cikin 200, kuma a cikinmu ma akwai su. Saboda haka duk abin da launi zai faɗa, a samar masa layinsa da zai faɗe shi da rubutu: ya ci ko ya faɗi, ya biya ko bai biya ba. Sai launin ya taso daga wannan layi.

Akwai wani dalilin kuma. Mai shagon taki da ke shafa kore a kan sunan duk wanda ya biya bashi, ba tare da ya rubuta rana da adadi ba, ya ajiye dukiyarsa a wurin da kwamfuta ba ta lissafi da shi. Lissafin jimla ba ya ganin launin da aka shafa. In kuma aka adana fayil ɗin a tsarin CSV, wanda shi ake yawan nema idan za a ɗora sunaye a wata manhaja, launuka duka zubewa suke yi, rubutu da lambobi kawai ke tsira.

Yawan launi ma illa ne, domin in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Jadawalin da ke da launi bakwai babu abin da yake nunawa. Biyu ko uku sun wadatar, a rubuta ma'anar kowanne a ƙasan takarda, a tabbatar rubutu na fita sarai a kan launin da ke bayansa. Sannan a kula da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da alamar ₦. Ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, in babu sai sunan Ɗanladi ko Ƙasimu ya fito da ɗan akwati a farkonsa.

Wanda zai ba da aikin jadawali, shugaban makaranta ne ko sakataren ƙungiya ko mai kanti, ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Gwaji huɗu sun ishe shi, kuma a gabansa za a yi su. A sauya lamba ɗaya a ga ko launi ya bi ta. A sake jera sunaye a ga ko jan ya tafi da mai shi. A bar gurbi ɗaya babu komai a ga yadda zai fito. A buga shafi ɗaya da baƙar tawada a ga ko har yanzu ana gane wanda ya ci da wanda ya faɗi. Aikin da ya tsallake waɗannan a sa masa hannu. Wanda ya gaza ko da ɗaya, a mayar wa mai shi ya gyara kafin takarda ta isa hannun jama'a.